Fure Biyu da Naman Por

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu manya da ƙanana. Ina gaishe ku da aiki, ina gaida iyalanku. Don Allah kafin kowa ya yanke mini hukunci ya bari in kai ƙarshe, domin duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina shi safe da yamma. Ku ɓoye sunana, sunayen mutane ma da za ku gani duk na canza su. Ku kuma yi haƙuri da rubutuna, aji uku kacal na yi a Kano lokacin da aka kai ni riƙo wurin gwaggona. Hausa ina karantawa a hankali, Faransanci kuwa ko harafi ɗaya ban sani a takarda ba, sai a kunne. Ku riƙe wannan, don ta nan abin ya same ni.

Ni matar aure ce a Zongon Lome, shekarata ashirin da shida a ɗakin mijina. 'Ya'yana mata biyu duk sun yi aure, tun da aka tashe mu daga tsohon Zongo aka kawo mu nan bayan gari ban cika shiga cikin Lome ba, ni dai a bar ni da tsakar gidana da murhuna da wanda zai zo mu yi hira. Surutu kam ina da shi, ba zan musa ba. Kunne kuma Allah ya ba ni, ko ta bayan katanga aka yi magana sai na ji, Mina da Faransanci da Kotokoli duk a bakin mutane na tsince su, har mata kan kira ni in fassara musu abin da ma'aikaciyar asibiti ta ce. Da wannan kunnen nake taƙama. Mijina, zan ce masa Malam kamar yadda nake kiransa, direba ne a gidan wata tsohuwar Baturiya a Bagida. Shekara ashirin da biyu yana gidan, shi ya tuƙa mijinta har ya rasu, ita kuma ta ƙi komawa ƙasarsu. A unguwa Malam mutum ne mai kamun kai, duk wanda zai yanka kaza ko ragon suna a layinmu shi ake kira ya yanka, don an yarda da hannunsa da bismillarsa.

Sati biyar da suka wuce ya dawo daga aiki ya ce mini Madam, wato Baturiyar nan, za ta tafi ƙasarsu a yi mata aikin ido, wata biyu za ta yi, shi kuma ta ba da aronsa ga wani abokin marigayi da ke aikin haƙa rijiyoyi a can arewa wajen Dapango. Sai ya ce Madam tana da fure guda biyu da ba ta yarda ta bar wa kowa ba, ta ce a kawo mini in kula da su. Jama'a, me za ku ɗauka in an ce muku fure? Murna na yi ta yi, na share gefen rijiya, na tanadi wurin da rana ba ta duka sosai, har na je na roƙo kashin awaki a maƙwabta don taki. Washegari sai ga Malam ya sauke keji daga bayan mota, da wasu halittu biyu a ciki suna leƙe na. Dogaye kamar an kama kyanwa an ja ta, ƙafafu gajeru, fuska kamar an zizara musu kwalli ya zarce, ga wani wari kamar tsohon turaren miski da ya kwana a akwati. Na ce Malam ina furen? Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai su ke nan, haka sunan dabbar yake da Faransanci, 'yan uwan tunku ne na ƙasar Turawa. Namijin Gasto, macen Biju. Ya ce takin da na roƙo in shuka musu barkono da shi.

Da ina da hankali ai tun ranar zan san kunnena yana iya yaudarata. Amma ina fushi an yi mini dariya, shi kuma yana sauri motar arewa na jiransa. Ya shigo da kwali biyu cike da ƙananan gwangwanaye, kowanne da hoton kyanwa ruwan ɗorawa a jiki, ya ajiye a ɗakin baya. Ya ce rabin gwangwani da safe, rabi da yamma, a ajiye dabbobin kusa da randa don zafi na kashe su. Sannan ya faɗi maganar da har yau take yawo a kaina.

"Ki yi tattalinsa, Maman Zulai. Naman nan na por ne, ba a samunsa a kanti. Ba sa cin komai sai shi."

Na por. Ni da nake jin matan kasuwa suna cewa por idan suna nufin alade, ni da na san gefen da ake sayar da shi a babbar kasuwa har nake toshe hanci in na bi ta wurin. Me ya hana ni tambaya? Kalma ɗaya ce fa, Malam wane por? Ban tambaya ba. Na yi masa addu'ar hanya, na tsaya a soro har motar ta sha kwana, na dawo na zauna ina kallon kwalayen nan kamar an kawo mini gawa.

Sati guda na ciyar da su yadda ya ce. Da tsinke nake kwaso naman, in kau da kai, in wanke hannu da toka da sabulu har fatar ta fara saɓulewa, in canza zane kafin in yi salla, duk da haka sai in ji kamar sallar ba ta karɓu ba. Abin da ban yi zato ba shi ne zan so su. Wallahi na so su. Gidan da ya yi shiru tun auren autata sai ga shi ya cika. In sun tashi daga barci sai su yi ta tsalle a karkace suna wani ƙut-ƙut-ƙut kamar kaza mai neman wurin ƙwai, Gasto ya sace mini silifa ɗaya ya kai ƙarƙashin gado, Biju kuwa ta shige hannun rigata ta fito ta wuya. In ina tsince shinkafa tana kan cinyata. Har hira nake mata, in ba ta labarin tsohon Zongo da gidanmu da aka rushe, tana kallona da idanun nan kamar ta san wurin.

Rana ta takwas Mma Hajiya ta shigo. Matar limaminmu ce, ta girme ni, ita ta yi mini wankan jego na fari, ba na ɓoye mata komai. Tana zama ta ce wannan wane irin wari ne a gidan Malam? Na nuna mata su, ta yi a'uziyya, ta ce in dai ba na tsafi ba ne to da sauƙi. Sai idonta ya kai kan kwalayen. Da na ce abincinsu ne na yi shiru, da yanzu ba na rubuto muku wannan. Amma bakin nan nawa. Na matsa kusa da ita na rage murya na ce Mma, ni kam ina cikin wani hali, naman alade ne Malam ya kawo mini cikin gida, da bakinsa ya faɗa. Ta dafe ƙirji. Sannan ta ce dama ita ta sha tunanin mutum ya shekara ashirin yana shiga kicin ɗin Nasara, me ya gani, me bai gani ba? Ban kare shi ba. Ku ji fa, mijina ne, ban ce ko a'a Mma ba. Kai na gyaɗa.

Ta ce in fitar da abin nan kafin ya kore mala'iku daga gidan. Na ce Malam ya ce ba sa cin komai sai shi. Ta ce ina aka taɓa yin dabbar da za ta ga abinci ta zauna da yunwa, ai kwana biyu in cikinsu ya murɗa ko tuwon jiya za su ci. Ta yi mini alkawari maganar ba za ta wuce mu biyu ba.

Bayan kwana biyu aka yi animasiyo, aka kwashe matan unguwa a manyan motoci kowa da atamfar jam'iyya, aka kai su bakin titin filin jirgi su yi rawa da tafi wa baƙon shugaban ƙasa. Ni an san ciwon gwiwata, an daɗe da cire ni a lissafi. Unguwa ta yi tsit. Sai ga Da Afi tana wucewa da kwandonta, wata 'yar Mina ce mai sayen kwalabe da gwangwanaye, mun saba, takan tsaya ta sha ruwa a wurina. Mma Hajiya cewa ta yi in zuba a masai, amma ni ban iya zubar da abinci ko na wane ne. Na ce Da Afi kina da karnuka ko? Ga wannan ki kai musu, ki ɗauke duka, kada ki bar ko ɗaya. Ta dube ni ta dubi kwalayen, ta ce kin tabbata? Na ce na tabbata. Ni na taya ta ɗorawa a kai. Na wanke ɗakin da ruwa bakwai, na yi turaren wuta, ranar na yi sallar la'asar da zuciya fes kamar wadda ta yi wani babban aikin lada.

Da yamma na zuba musu tuwon masara da miyar kuɓewa har da ɗan nama a kai. Da safe na ga kwanon wayam. Na ce ashe gaskiyar Mma Hajiya ce. Na ba su akasa, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi, wayam. Dafa-duka, ƙosai, ayaba, duk abin da na ajiye sai in tarar babu. Kwana huɗu ina murna ina cewa ai har sun zama 'yan Zongo. A rana ta huɗun ne ma wani direban babbar mota ya kawo saƙon Malam da ɗan buhun gero, ya ce Malam na tambaya yaya baƙi? Na ce a gaya masa suna ci suna wasa. Lokacin ban san ƙarya nake yi ba. Rana ta biyar wani ɗoyi ya ishe ni, na jawo randa, sai ga komai a bayanta. Tuwon, kifin, ƙosan, har ayabar, sun jera su a lungu tsaf kamar kayan mai talla, duk sun yi funfuna. Ashe ɗauka suke su ɓoye, haka ɗabi'arsu take, ko loma ba su ci ba sai ɗan abin da suka gutsura a jikin kifin. Na ɗaga Biju sai na ji ƙasusuwan haƙarƙarinta a tafin hannuna.

Tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Me ban gwada ba? Na dama musu koko, suka shinshina suka juya. Na ba su madara, suka sha, ta ɓata musu ciki har na yi zaton ranar za su tafi. Na dafa kaza ba gishiri ba yaji na yayyaga, na daka busasshen kifi, na sa aka kawo mini hanta daga mahauta, na gasa, na dafa, na ba su ɗanya. Gasto dai namiji ne mai haɗama, da na shafa masa ɗanyar hantar kaza a baki ya lashe don ya goge, ya sake lasa, bayan kwana uku ya soma ci da kansa. Shi yanzu alhamdu lillahi ya mayar da jiki, har silifa ya koma sata. Biju ce ta ƙi. In na kai mata abu sai ta ɗora hanci, ta ɗago ta dube ni, ta tafi inda kwalayen suke da, ta yi ta tonon siminti da farce. Wurin da na wanke da ruwa bakwai. Abin da ke riƙe da ranta kawai gwaiduwar ƙwai, ita ma sai na lakato a yatsa na sa mata a baki, ta lasa sau uku ko huɗu ta kau da kai. Ni ban taɓa sanin akwai halittar da abincin da ta buɗe ido da shi kaɗai ta sani a matsayin abinci ba, sauran duk a wurinta kamar a ba ka dutse ne a ce ci.

Direban nan ya sake biyowa zai koma arewa, ya ce akwai saƙo? Na ce a gaida Malam, a ce baƙi suna ci suna wasa. Wannan karon na san abin da nake faɗa.

Sati biyu cif da ba ta kwalayen sai ga Da Afi. Tana ajiye kwando ta hau yi mini godiya, ta ce karnukanta sun yi ƙiba har maƙwabta na tambaya, in akwai saura tana so. Ta ce ita dai abin da ya ba ta mamaki, yaya mutum zai kyautar da kaza da kifi na Turawa har kwali biyu? Na ce wace kaza? Ta ce 'yarta mai koyar da 'yan makaranta ta karanta jikin gwangwanin, kaza ce da kifi, abincin kyanwa. Na ce a'a, alade ne, maigida da kansa ya ce na por ne. Ta tsaya da moɗa a hannu tana kallona, sai ta fashe da dariya har ruwan ya zube mata a zane.

"Maman Zulai, ke da kike gyara mana Faransanci? Por ɗin da jiragen ruwa ke tsayawa fa, shi yaya sunansa?"

Wallahi ji na yi kamar an zare mini ƙasa. Por. Tashar jiragen ruwa. Kalmar da nake faɗa kullum, mijin wance yana aiki a por, shinkafa ta yi tsada don ba a sauke a por ba. Rabin mazan layinmu can suke neman abinci. Yaya aka yi ban tuna ba? Na yi ta tambayar kaina wannan, kuma amsar ita ce ta fi komai ba ni kunya. Tun shekarun farko in Malam ya dawo ya ce ya ƙoshi, an ba shi abinci a gidan Madam, sai wani abu ya ɗarsu a raina, me suka ba shi? Ban taɓa furtawa ba, shekara ashirin da biyu ina ajiye da shi kamar yadda su Biju suka ajiye tuwo a bayan randa. Da ya ce por, abin da zuciyata ta daɗe tana jira shi kunnena ya ji. Mutumin da ko man shafawa ba ya saye sai ya tambayi abin da aka haɗa shi da shi.

Da Afi ta ga na zube a ƙasa sai ta daina dariya. Na ba ta labarin Biju, na roƙe ta ko ɗaya ya rage. Babu, karnuka sun cinye, gwangwanayen ma ta sayar wa masu ƙera fitila. Allah ya saka wa matar nan, ta koma ta birkice bayan ɗakinta ta samo mini guda uku da karnukan suka ja suka kai cikin ciyawa ba a wanke ba. Na zuba ruwan ɗumi a na farko na girgiza, na daka dafaffiyar kaza lukui na kwaɓa da ruwan. Biju tana kwance ko kai ba ta ɗagawa, sai na ga hancinta ya motsa. Ta ja jiki ta zo, ta ci. Ta ci cokali guda cur ina kallo ina hawaye. A nan na gane da tun farko na bar ko gwangwani biyar, ina ɗan cuɗa na gida kaɗan-kaɗan cikin nasu ina ƙarawa, da sun sauya ba su ma sani ba. Ko da aladen ne da gaske, haka ya kamata in yi, in jira mai gidan ya dawo mu yi magana. Amma ƙamshin da ya rage a gwangwani uku nawa yake? Kwana huɗu ya yi mana. Rana ta biyar na girgiza ruwan ta shinshina ta koma ta kwanta. Na ba Da Afi atamfata sabuwa ta je babban kantin Turawa a cikin gari ta samo abincin kyanwa, sai ta kawo mai hoton baƙar kyanwa, mai ruwan ɗorawar babu shi. Gasto ya cinye, Biju ko kallo.

Ga kuma ɗaya masifar. Shekaranjiya ina shanya a bayan ɗaki na ji mata biyu ta bayan katanga, kunnen nan dai da ba ya barina in huta. Ɗaya na cewa an ce Malam direba cinyar alade guda ya kawo gida a buhu. Ɗayar ta ce ita dai mijinta ya ce ragon sunan da za su yi wata mai kamawa wani za a nema ya yanka. Kun ji yadda gwangwani ya zama cinya a buhu. Na je wurin Mma Hajiya, ta rantse ita ƙanwarta kawai ta gaya wa, kuma ba ta ce daga bakina ta ji ba, in kwantar da hankalina ba wanda zai san ni ce. Na buɗe baki zan ce Mma ba alade ba ne, kuskure na yi, sai ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya yi mini albarka, mata irina masu tsare gidansu sun yi ƙaranci. Na haɗiye maganar na ce amin. Amin fa na ce.

Mutum ɗaya ne na san zai iya samo abincin nan, aminin Malam ne tun suna samari, zan ce masa Alhaji, yana aiki a por, kuma na tuna Malam ya taɓa cewa ta hannunsa Madam ke samun kayanta daga kantin da ke sayar wa jiragen ruwa. In na je yau, wataƙila jibi gwangwani na hannuna. Amma Alhaji ƙanen liman ne, gida ɗaya suke da Mma Hajiya, ƙofarsu na kallon juna. Zai tambaye ni ina kwali biyun da shi da kansa ya ɗora a motar Malam, kuma ba wawa ba ne, yana jin amsata zai haɗa ta da maganar da ke yawo. Shi da Malam ba sa ɓoye wa juna ko ciwon kai. Malam kuwa sau ɗaya tak ya taɓa ɗaga mini murya a zamanmu, shekara goma sha biyar da suka wuce, da na kai wata maganar ɗakinmu gidan biki ta dawo masa. Ranar ya ce, "Komai naki na ɗauka, Maman Zulai, ban da wannan. Ranar da na sake jin maganar ɗakina a waje, ki wuce gidan yayanki, ba sai na ce ba." Bai sake maimaitawa ba, ni kuma na san shi, ba ya faɗin abu sau biyu. Waccan ma gaskiya ce na fitar. Wannan fa?

Shaiɗan yana ta kawo mini wata hanya, ba zan ɓoye muku ba tunda na faɗi sauran. Wai in yi shiru, in Biju ta mutu in ce zafi ne, Malam da kansa ya ce zafi na kashe su, kwalayen kuma in ce ɓarayi ne ranar animasiyo da unguwa ba kowa. Maganar alade kuwa ba wanda zai san tushenta. Sai in tuna tsohuwar nan da aka yanka wa ido a wata ƙasa, Malam ya ce ranar da za ta tafi ta sa Biju a wuyanta ta daɗe a tsaye, ta ce masa ita ce abu na farko da take so ta gani in idon ya buɗe. Sai in tuna Malam zai fito da wuƙarsa ranar sunan nan ya ji an ce a'a an samu wani, bai san dalili ba. In kwana da shi a ɗaki ɗaya ina sane?

Mai kawo muku wasiƙar nan ya ce in kun so za ta fito ranar Juma'a. Malam zai dawo Lahadi ta sama. Ban sani ba ko Biju za ta kai, yau gwaiduwar ma sau biyu ta lasa. Tana nan a cinyata nannaɗe da gefen zanena ina rubutun nan, ba ta fi nauyin ɗankwali ba, Gasto sai zagaya ta yake yana tura ta da hanci ta tashi su yi wasa. Tun safe na ɗauko mayafina na ajiye a kan kujera, daga ƙofarmu zuwa ƙofar Alhaji gida shida ne, na ƙirga. Sau uku ina kaiwa soro ina dawowa.

Idan akwai wanda ya san wata dabarar da za a sa dabbar nan ta karɓi abincin da ba nata ba, don Allah ya taimaka, ko likitan dabbobi ne ko wanda ya taɓa aiki a gidan Turawa. In kuma babu, ku gaya mini gaskiya kada ku ji tausayina. In yafa mayafin in je in ce ni ce, ƙarya na yi wa mijina, in ceci 'yar amanar nan ko da ɗakina zai tafi? Ko in jira shi ya ji daga bakina tukuna, ita kuma in bar ta ga Allah? 'Yan uwa, me zan yi?